Furosesa biyu amma gudun bai ninka ba, ina matsalar take?

Ɗanladi_Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Watan jiya na sayi kwamfuta HP Z620 tokumbo a kasuwar Computer Village, mai furosesa biyu, Xeon E5-2670, kowanne ƙwaya 8 zare 16. Don haɗa bidiyon biki na saye ta, amma da daddare zaman banza take yi, sai na sa mata Folding@home, shirin nan da aka fara a Jami'ar Stanford a 2000 don lissafin yadda furotin ke naɗewa, yana aiko wa kwamfutocin masu sa kai aiki, yana ba su maki in sun gama. Mahaifiyata ta yi fama da ciwon mantuwa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma cutar tana cikin abin da suke bincike a kai.

Da furosesa ɗaya, kowane kashi ɗaya cikin ɗari na aikin minti 5 yake ci. Da na haɗa biyun, minti 3 da rabi. Ni a lissafina biyu da rabi ya kamata. Abin haushin ma, yaron shagonmu da furosesan Ryzen guda ɗaya tak ya fi ni maki. Gawa aka sayar min, ko saitin ne ban iya ba?

Injiniya_IdiAraba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Ba gawa ba ce, Malam Ɗanladi. Kowane furosesa da nasa RAM ɗin a gefensa, in yana son abin da ke gefen ɗan'uwansa sai ya tsallaka, a nan lokaci ke tafiya. Shi ne NUMA. Aikin Folding kuwa guda ɗaya ne aka yanka wa zaruruwa, a kowane mataki sai sun jira juna, kamar masu dakon buhu ɗaya. Ninki biyu cif ba za ka taɓa gani ba.

Buɗe akwatin ka duba. Furosesa na biyu a Z620 kan wani ƙaramin allo yake da ramukan RAM nasa, kuma sau da yawa za ka tarar babu komai a ciki. Sannan kar ka ba shi zare 31 da sunan ka bar wa Windows ɗaya. Lambar da ba ta rabuwa irin wannan tana ba shi wahalar yanka aikin. Sa 30 ko 28.

Gwajin naka ma ina da ja. Ka duba lambar aikin? In ba iri ɗaya ba ne a gwaji biyun, ka gwada doya da rogo ne. Shi kuma yaron, ƙyale shi. Xeon ɗinka na 2012 ne, ba shi da AVX2, wato ƙarin umarnin da ke hanzarta lissafi, nasa yana da shi.

Bashir_Obalende:
Ni da ni ne sai in raba gida biyu, kowane furosesa da aikinsa, babu tsallake. Ko ka koma BOINC, wani dandalin lissafin sa kai irin wannan, ka ɗauki shirinsa na binciken sararin samaniya Einstein@Home, inda kowace ƙwaya ke cin gashin kanta. A can ne furosesa biyu ke nuna kansu.

Injiniya_IdiAraba:
Maganar BOINC gaskiya ce, Bashir. Ta rabawa kuwa, maki zai ragu, don Folding na ba da ƙari ne ga wanda ya mayar da aiki da wuri. Amma sai kana da passkey, wato lambar sirrin da Folding ke ba ka, kuma ka gama aiki 10 da ita.

Maman_Ilham:
Ku dai kuna ta maki. Yaya Ɗanladi, ka duba mitarka? Kowane ɗaya daga cikin furosesan nan wat 115 ne. Ka ce injin duka na jan 350, a wata kusan yunit 250 ke nan in ba ka kashewa. A Band A, da yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, ka wuce dubu 50. Ga zafin Legas, ga ƙura. Tawa daga sallar isha zuwa asuba kawai take yi, kuma kar ka kuskura ka ɗora ta kan janareta.

Ɗanladi_Agege:
Injiniya, ka canka. Na buɗe, duka RAM huɗun a gefe ɗaya suke. Na mayar da biyu can, na sa zare 30, aiki mai lamba iri ɗaya ya sauko minti 3 da 'yan daƙiƙu. Passkey kuwa yau na fara jin sunanta. Maman Ilham, kar maganar mitar nan ta kai kunnen uwargida.