Ranar farko a Istanbul: ta ina za mu fara?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Mu huɗu ne za mu tashi daga Kaduna, mu hau jirgi a Abuja zuwa Istanbul. Washegarin isowa muke son zaga gari. Yaya za mu tsara ranar?

Alhaji na Kawo: Wa alaikumus salam. Da farko ku gyara agogo, Turkiyya na gabanmu da awa 2. Ku sayi katin Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin abin hawa na cikin gari, a injin tasha ku zuba masa kuɗi, guda ɗaya ya ishe ku, kowa ya taɓa shi a ƙofa bi da bi. Ku hau tiram T1, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ku sauka tashar Sultanahmet. Masallacin Sultan Ahmet da masallacin Ayasofya suna fuskantar juna, tafiyar minti biyar ce. Ku isa da sassafe, don da hantsi layi ya yi tsawo. Ku tafi da leda ta saka takalmi.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, ka duba ranar tukuna. Babbar kasuwa Grand Bazaar ba ta ci ranar Lahadi, fadar Topkapi kuma a rufe take ranar Talata. Kada ku haɗa su rana ɗaya, ƙafa za ta kumbura, unguwar duk hawa da gangara ce. Da la'asar ku koma T1 zuwa Eminonu, ku shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar da katin nan, kun taka Asiya ke nan.

Malam na Rigasa: Idan mai goge takalmi ya yar da buroshi a gabanku, ku wuce abinku. Dabara ce, yana gogewa zai tsawwala kuɗi. Tasi kuwa, sai ya kunna mita kafin ku zauna.