Chiwetel Ejiofor: shin ya bar dandali bayan ya yi suna a fim?

Malamin Wasa:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Damuwata ita ce yawancin yaran sun ɗauki dandali tamkar wurin jira kafin su tafi Kano su shiga fim, saboda haka ba sa son wahalar haddace zance da maimaita fitowa ɗaya har ta zauna. Ina so in kawo musu misalin Chiwetel Ejiofor, wanda muka gani a 12 Years a Slave, domin na ji an ce a dandali ya taso. Ina roƙon wanda ya san tarihinsa ya yi mani bayanin yadda ya fara, da kuma ko ya ci gaba da hawa dandali bayan duniya ta san shi.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam, Malam. An haife shi a Landan a 1977, iyayensa Inyamurai ne daga Najeriya. Mahaifinsa likita ne, ya rasu a haɗarin mota a Najeriya a 1988, shi kuma yaron yana cikin motar ya tsira da rauni, wanda tabonsa yake nan a goshinsa har yau. Ya fara wasa tun yana ɗalibi, ya shiga ƙungiyar wasan matasa ta ƙasar Birtaniya, daga nan ya samu gurbi a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta LAMDA, amma bai kammala ba domin Steven Spielberg ya ɗauke shi ya fito a matsayin tafinta a fim ɗin Amistad na 1997.

Abin da zai amfani ɗalibanka shi ne abin da ya biyo baya. Bai tare a Amurka ba, ya koma Landan ya hau dandali, inda ya yi Blue/Orange a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a 2000. A 2007, bayan fina-finai irin su Dirty Pretty Things sun ɗaukaka sunansa, ya yi Othello a Donmar Warehouse, ɗan ƙaramin gida mai ɗaukar mutum kusan 250, tare da Ewan McGregor. Wannan wasan ne ya ba shi lambar Olivier, wato lambar yabo ta wasan dandali a Birtaniya, a 2008.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam, ina jinjina wa ƙoƙarinka, amma ina ganin ya kamata ka gaya wa yaran gaskiyar duka. A Ingila wasan dandali sana'a ce da ake biyan mutum a kanta tun daga makonnin gwaji, akwai gidajen da gwamnati ke tallafawa, akwai masu sayen tikiti kowane dare. Yaronmu da ya yi wasa a gidan matasa sau ɗaya ko biyu a shekara ba shi da wannan gatan, don haka idan ya hangi Kano ba lalaci ba ne, abinci yake nema. Kuma kyamara tana da nata ilimin: muryar da ake ɗagawa don ta isa layin baya, idan aka kawo ta gaban kyamara sai ta zama hayaniya.

Tsohon Ɗan Samariya:
Hajiya, maganarki ta kuɗi gaskiya ce, ba na musu. Inda na saɓa da ke shi ne batun kyamara. Ki tuna wurin da aka rataye Solomon Northup, wanda Ejiofor ya fito a matsayinsa, a bishiya a 12 Years a Slave, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa taɓo, yana ta dogara su don kada igiyar ta shaƙe shi, sauran bayi na harkokinsu a bayansa, kyamara kuma ta tsaya cak ba ta yanke ba. Babu zance ko ɗaya a wurin, jiki da numfashi ne kawai. A ganina wanda bai saba riƙe hali na tsawon lokaci a gaban jama'a ba, inda ba mai cewa a tsaya a sake, da wuya ya iya ɗaukar wannan nauyin. Fim ɗin ya kawo wa Ejiofor lambar yabo ta fina-finai ta Birtaniya, wato BAFTA, ya kuma shiga takarar Oscar.

Malam, tun da Faransanci kake koyarwa, ga abin da ya fi kusa da ajinka. A 2013, shekarar da fim ɗin ya fito, Ejiofor ya hau dandalin Young Vic a Landan a matsayin Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, cikin wasan da marubuci Aimé Césaire ya rubuta da Faransanci kan Kwango. A 2015 kuma ya sake komawa babban gidan wasa na ƙasa ya yi Everyman.

Malamin Wasa:
Na gode muku ƙwarai. Zan nemi littafin Césaire, mu zaɓi fitowa ɗaya mu mayar da ita Hausa. Hajiya, zan kuma ɗauke su da wayata yayin gwaji, domin su ga da idonsu bambancin da kika faɗa.