Ganyen holina yana komawa rawaya, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a jihar Maryland, Amurka. A gaban gidanmu akwai shingen wasu ƙananan itatuwa da ake kira holi, irin da suke kira inkberry, ɗan asalin gabashin ƙasar nan. Sababbin ganyensa sun koma rawaya, amma jijiyoyin ganyen suna nan kore shar. Na jikin bangon siminti sun fi jin jiki. Ina ba su ruwa, na kuma sa taki. Don Allah a taimaka, ba na so su mutu.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki barbaɗa musu toka a gindi, haka muke yi a gida.

Amsa ta 2: Malam, a yi haƙuri, toka ce za ta ƙarasa su. Hajiya, wannan itace ƙasa mai tsami da damshi yake so, ma'aunin pH tsakanin 4.5 da 6. Siminti yana rage tsamin ƙasar da ke kusa da shi, toka ma aikinta ke nan. Idan tsamin ya ragu har pH ya haura 7, sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya shansa, shi ya sa taki bai yi miki komai ba. Ki ɗebi ƙasar jikin bango daban, ta nesa daban, ki aika a auna. In tsamin ne ya yi ƙasa, garin farar wuta za ki sa don ya ƙara tsamin, sai dai yana ɗaukar watanni. Kafin nan ki nemi maganin ƙarfe mai alamar EDDHA, yana aiki ko a irin wannan ƙasa.

Amsa ta 3: 'Yar'uwa, ki ɗan tona gefen guda ɗaya ki ga saiwar. Fara mai ƙwari, lafiya lau. In ta yi baƙi ta ruɓe, cutar ruɓewar saiwa ce, kuma wanda ta cinye gara a tuge shi. Ki shimfiɗa ɓawon itacen fayin (pine) a ƙasa kewaye da su, kaurin inci 2 zuwa 3, kada ya taɓa gindin.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Yaushe ya fi dacewa a sa farar wutar?

Amsa ta 2: Idan sanyi ya wuce ƙasa ta ɗumama, wajen Afrilu ko Mayu, don ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa da ke sarrafa ta ba sa aiki cikin sanyi. Yawan da za ki sa kuma, sakamakon awon ne zai nuna miki.