Dan Allah ku taimaka, katin felti na yana bankarewa kuma allura ta ƙi shiga

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu aikin hannu ku zo ku taimaka min. Kwanan nan na fara yin ƙananan hotuna da kyallen felti, irin kyallen nan da ba saƙa shi ake ba, danne gashin ake har ya haɗe, shi yasa ko an yanka bakinsa baya zarewa. Nakan yanka fure da ganye da ɗan tsuntsu in jera su kan wani feltin mai faɗi, in bi su da surfani, sai in manna kan kwali ya zama kati. Jiya tun da rana har dare ina kan guda ɗaya da nake yiwa mahaifiyata, na shafa farin gam ɗin nan na ruwa a bayan kowane yanki na liƙa, da ya bushe nazo ɗinki allura taƙi wucewa sai da na riƙa turata da gindin almakashi, yatsana har yanzu zafi yake min. Wajen fiffiken tsuntsun kuma duk ya tattare, sannan da safe na tarar kwalin ya bankare kamar kwale-kwale. Wlh raina ya ɓaci sosai don so nayi in miƙa mata abu mai kyau da nayi da hannuna. Zaren surfani na kamfanin DMC nake amfani da shi, kuma gaba ɗaya nake zura shi a allura yadda yazo. Ina kuskuren yake?

Anti Balki:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, kar ki karaya ko kaɗan. Abu ɗaya ne ya ja miki mafi yawan wahalar nan, kin sa gam kafin ɗinki. Felti kamar soso yake, yana shanye gam ɗin ruwa har cikinsa, in ya bushe wajen ya zama kamar roba, to allura ta ina zata bi? Ɗinki ake fara yi, gam shine na ƙarshe. In kina tsoron yankakkun su goce ki kafe su da fil, ko ki ɗiga gam ɗan mitsitsi a tsakiyar yankin kawai inda kin san allura ba zata bi ba, bakin kuma ki barshi a sake.

Sai zancen zare. Wannan zaren na DMC sili 6 ne aka murɗe wuri ɗaya, an yi shi ne don a rarraba. Ni a ƙaramin aiki irin na kati sili 2 nake sawa a kusan komai, 3 in ina so layin ya fito sosai kamar karan fure, 1 kuma ga abu siriri irin jijiyar ganye. Ki yanko kamar santimita 45, wato daga yatsanki zuwa gwiwar hannu, in ya wuce haka harɗewa zai riƙa yi yana kuma tsufa kafin ki gama. Wajen rabawa ki riƙe bakin zaren da yatsu biyu ki zaro sili ɗaya sama, sauran zai tattaru a ƙarƙashin yatsanki kamar zai ƙulle amma da kin gama zarowa zai saki da kansa, sai ki sake zaro na biyu ki haɗa su. Kar ki ce zaki yage biyu lokaci ɗaya, nan ne yake cukurkuɗewa.

Tattarewar fiffiken kuwa jan zare ne yayi yawa. Felti yana da laushi kuma yana miƙewa, in kin ja zaren ki tsaya daidai lokacin da ya kwanta a kan kyallen, kar ki ƙara. In kika ga zaren ya nutse ya yi rami to kin wuce.

Abban Hafsat:

Hajiya Balki ta gama magana a kan zare, ni bari in taɓa kwalin don nan na fi sani. Farin gam ɗin nan ruwa ne a cikinsa, takarda kuma in gefe ɗaya ya jiƙe sai ya kumbura ɗayan yana nan a bushe, dole ta lanƙwashe. Ki nemi kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, ana rubutawa a jikin fakitin, sannan ki bar gam ɗin ruwa ki koma salatif mai liƙewa ta fuska biyu, ki zagaye bayan hoton da shi ki sa ɗaya a tsakiya shikenan. In kika naɗe kwali mai girman A5, wato rabin takardar A4, gida biyu zai baki A6, milimita 105 da 148, kuma ambulan C6 ne daidai shi, amma ki lura in kin jera felti hawa uku da ƙulle-ƙulle a kai katin zai yi tudu ambulan ya matse shi, gara ki tsaya a hawa biyu. Wani lokacin ni ɗinke hoton nake a jikin kwalin kai tsaye, sai dai fa kwali ba kyalle bane, ramin da kika huda ya hudu kenan. Ki ɗora shi kan soso ki fara huda ramukan da allura da ɗan tazara tsakaninsu, in sun matsu da juna yagewa zai yi a layin, bayan kin gama ki rufe bayan ɗinkin da wata takarda daga ciki.

Ummu Sadiq:

'Yar uwa wane irin felti kike amfani da shi? don wannan ma babbar magana ce kuma ba wanda ya taɓo ta. Akwai na roba zalla, shi yafi yawa, yana ɗan ƙyalli kuma in kika ɗaga shi a haske zaki ga wani wajen yafi wani kauri, in kika yi ɗinki kusa da bakinsa sai zaren ya yago shi. Akwai na ulu, akwai kuma gauraye ulu da wani zare, su biyun nan sun fi cika, almakashi na yanka su tsaf ko ganye ne kamar farce. Ni gsky tunda na gwada gaurayen ban koma ba. Ga kati mai kaurin milimita 1 ya isa. Kuma ki kiyayi dutsen guga mai zafi a kan na roba, narkewa yake, na taɓa ɓata hoton da na kwana uku ina yi haka, fure guda ya ƙanƙance ya yi sheƙi, har hawaye nayi. Na ulu kuma ruwan zafi na sa shi shiga, asu ma na cinsa in an ajiye ba kula.

Amma Abban Hafsat ni ban yarda a yar da gam gaba ɗaya ba, salatif baya kama gashin felti sosai, na ga katin da bayan wata biyu kusurwarsa ta ɗaga. Abinda nake yi shine in shafa gam mai kauri, shafi siriri, a jikin kwalin ba a jikin feltin ba, in ɗora hoton, in sa takarda a kai in danne da manyan littattafai ya kwana. Bai taɓa bankare min ba.

Maman Ilham:

Kai Allah ya saka muku da alheri, na gode sosai. Ummu Sadiq na ɗaga nawa a haske, na roba ne kam. Na sake yanko tsuntsun ɗazu, sili 2 ba gam, wlh allura sululu take wucewa kamar ba aikin jiya ba, fiffiken ma ya kwanta lumui. Saura idon tsuntsun Anti, ƙullin nan da ake naɗa zare a jikin allura, sau uku ina yi yana bin allurar ya faɗa baya ya ɓace.

Anti Balki:

Ƙullin Faransa kenan. Ramin da kika fito kike komawa shi yasa yake zurmawa. Ki naɗa zaren sau 2 a jikin allurar, ki soka ta gefen ramin kaɗan ba cikinsa ba, ki ja zaren da ɗayan hannun har naɗin ya sauko ya zauna a kan feltin, kuma kar ki saki sai allurar ta gama wucewa. Allurar ma ki duba, ta surfani lamba 7 ko 8 ta isa sili 2, lambar na hawa allurar na ƙara sirancewa, in mai kauri ce ramin da take bari yafi ƙullin girma. Ki gwada kamar guda goma a kan ragowar yankakken felti tukunna kafin ki taɓa tsuntsun Mama.