Filtar mai: an canza, amma an ɗaure ta da kyau?

Mai Golf, Zariya: Salamu alaikum jama'a. Wata biyu Golf 3 ɗina tana shaƙewa, in na taka totur a hawa sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa. Bakanike ya ce filtar mai ce. A Golf tana ƙasan mota ne, can baya kusa da tanki. Da ya cire tsohuwar ya zazzage ta a murfin galan, abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa. Ya sa sabuwa, mota ta washe. To amma notin ƙarfen da ke riƙe ta ya yi tsatsa ya karye, sai ya yanko robar tsohon tif ya ɗaure, wai "Oga, wannan ya fi na kamfani." Kwana tara, ina hanyar Kano da fasinja, wata dattijuwa ta ce ɗan nan warin fetur nake ji. Na tsaya a Kwanar Dangora na leƙa: robar ta saki, filta na reto a jikin tiyo, mai na ɗiga. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Bakanike, Kaduna: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare, Malam. Kuma ka gode wa dattijuwar nan. Robar tif ba ta jituwa da fetur, kumbura take ta yi laushi. Filtar ƙarfe in ta cika da mai tana da nauyi, kowane rami ka faɗa nauyin nan bakin tiyo yake ja, a hankali kilif ya saki ko tiyo ya tsage. Ƙarfen da kamfani ya yi mata ba ado ba ne. In ya lalace a samo na tsohuwar mota, ko mai walda ya lanƙwasa wani, a sa 'yar roba tsakaninsa da filtar don kada su ci juna. Mai waldan ya yi aikinsa can nesa, ba a jikin mota ba.

Malamin makaranta, Katsina: Ni da hannuna na yi tawa, Camry ce ta 1999, filtar na cikin bonet. Ban san mai yana zama da ƙarfinsa a cikin tiyo ko an kashe mota ba. Ina sassauta notin sama fetur ya feso mini har ido. Na yi ta ihu ina neman buta, yara na dariya. Daga baya aka nuna mini: ka cire fiyus ɗin famfon mai, ka tada mota ta ci abin da ya rage har ta mutu da kanta, ka cire kan batir, sannan ka rufe notin da tsumma ka kwance a hankali. Notin ƙasa kuwa ya ba ni wuya, sai da sifana biyu, ɗaya na riƙe filtar ɗaya na juyawa. Da ɗaya ka yi, bututun ƙarfen ne zai murɗe.

Bakanike, Kaduna: Malam, wosha fa? Wannan notin mai rami a ciki wosha biyu ta jan ƙarfe yake ɗauka, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sau ɗaya ake matse su. Ka mayar da tsofaffi, yau lafiya, jibi ka ga wurin ya jiƙe.

Malamin makaranta, Katsina: Tsofaffin na mayar wallahi. Yau zan duba.

Hajiya mai Corolla, Kano: Ni kuɗina aka ci. Yaron gareji ya ce ya canza mini filta, har ya nuna mini tsohuwa a leda. Da ƙanena ya zo hutu ya ce Yaya, Corolla 2005 ai tata a cikin tanki take tare da famfo, sai an ɗaga kujerar baya. Muka ɗaga, ƙura kwance a kan murfin, ko yatsa bai taɓa wurin ba. Yanzu duk abin da za a canza ina zaune a benci ina kallo, su ce Hajiya ta cika sa ido, su ce.

Direban Hilux, Maraɗi: Namu na gas, wato dizal, daban ne. Ƙasan filtar akwai wurin da ruwa ke taruwa, in fitilarsa ta kama a dashbod sai ka sassauta ka zubar. Bayan canji kuma dole ka yi ta danna famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri, in ba haka ba iska ta shiga, ka kashe batir wajen tayarwa. Mu da muke shan man jarka a hanya ba na tafiya sai da filta ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Tsohon direba, Gusau: Yaran yanzu kun sha wuya. Zamanin Fijo 504 'yar filtar roba ce fara, kana ganin dattin da idonka, minti biyu ka canza. Amma na ga wanda ya sa irinta a mota mai injekta don araha. Ta kafireta ƙarfin manta kaɗan ne, ta injekta kuwa yakan kai bar 3, ya fi iskar da ke cikin tayarka. Fashewa ta yi. A kuma duba kibiyar da ke jiki, inji take nunawa. Ni abin da na lura, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa da ɗan mai yake yawo, fitila a kunne, ga na bumburutu da ba a tace ba. Famfon cikin tanki man ne ke sanyaya shi, in filta ta toshe kuma aikinsa ya ninku. Famfo ya fi filta tsada nesa ba kusa ba.

Mai Golf, Zariya: Na gode Baba, na gode jama'a. Na samo ƙarfen a wurin masu kayan tsofaffin motoci, aka canza guntun tiyon da kilif biyu. Kafin mu tada mota sai da na murɗa makulli sau uku famfo ya cika layi, na shimfiɗa kwali a ƙasa muka bar ta tana aiki minti goma. Ko ɗigo babu. Malam na Katsina, ya labarin wosha?

Malamin makaranta, Katsina: Ta jiƙe. Gobe Asabar zan shiga kasuwa.