Alkawarin 2020 da abin da ya rage: gogewar 'yan uwanmu ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai a Amurka

Daga wata ma'aikaciya, Minneapolis

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai da ke tsaya wa 'yan haya, yawancinsu baƙar fata da baƙi, don kada masu gidaje su kore su ba bisa ƙa'ida ba. Ina garin nan lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har rai ya yi halinsa a ranar 25 ga Mayun 2020. A makonnin da suka biyo baya kuɗi sun kwararo yadda ba mu taɓa gani ba, har asusun Minnesota Freedom Fund, mai biya wa marasa hali kuɗin beli, ya samu sama da dala miliyan 30. Mu ma an ba mu tallafin shekara biyu da sunan yaƙi da wariyar launin fata, muka ɗauki ma'aikaciya musamman don wannan aiki, muka rubuta sanarwa mai ƙarfi muka sa a shafinmu. Da wa'adin ya cika a 2022 ba a sabunta ba, ma'aikaciyar ta tafi, aikin kuma ya bi ta, domin ba shi da gurbi a kasafin kuɗinmu na kullum. Sanarwar tana nan har yau, kuma ina jin nauyi duk lokacin da na karanta ta. Ina roƙon waɗanda suka ga irin wannan a wuraren aikinsu su faɗa mana abin da ya ɗore a hannunsu da dalilin ɗorewarsa.

Daga wani ma'aji, Atlanta

Wa'alaikumus salam, Malama. Ni da ke riƙe da littattafan kuɗi, abin da kika kwatanta na gan shi tun kafin ya faru, domin kayan aro ba ya rufe katara. Tallafi iri biyu ne. Akwai mai sharaɗi, wanda mai bayarwa zai ce a kashe shi kan aiki kaza cikin wata kaza, akwai kuma wanda ake bai wa ƙungiya ta sarrafa yadda ta ga ya dace, ko albashi ne ko kuɗin haya ko ajiya. Kusan duk abin da ya shigo mana a 2020 mai sharaɗi ne, kuma irin wannan kuɗi yana ƙara wa ƙungiya aiki ba tare da ya ƙara mata ƙarfi ba. Wani binciken da Echoing Green da Bridgespan, cibiyoyi biyu masu tallafa wa ƙungiyoyin sa-kai, suka fitar a shekarar ya nuna cewa, cikin ƙungiyoyin da suka duba, waɗanda baƙar fata ke jagoranta suna da dukiyar da babu sharaɗi a kanta ƙasa da ta takwarorinsu na farar fata da kashi 76 cikin 100. Ma'ana, wanda aka fi tsammanin zai yi aikin shi ne ba a yarda a sakar masa mara ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. A watan Yulin 2020 attajira MacKenzie Scott ta bayyana cewa ta raba kimanin dala biliyan 1.7 ga ƙungiyoyi 116 ba tare da gindaya sharaɗi ba, gidauniyar Open Society ta ware dala miliyan 220 don yaƙi da wariyar launin fata, mafi yawansu tallafin shekara biyar, gidauniyar Ford kuma tana da shirin BUILD mai bayar da tallafin shekara biyar don ƙarfafa ƙungiya ita kanta. Mu ba mu samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da muka yi shi ne na nace wa kwamitin amintattu cewa kuɗin tafinta, kuɗin motar masu zuwa taro daga unguwannin da muke yi wa aiki, da gyaran albashin ma'aikatan da muka gano ana biyansu ƙasa da abokan aikinsu, duk su shiga kasafin kuɗi na dindindin, a layi ɗaya da wutar lantarki da haya. An yi gardama sosai, domin sai da muka haƙura da wani sabon shiri da kowa ke so. Amma da tallafin ya yanke, waɗannan abubuwa uku ba su girgiza ba, saboda babu wanda ke tambayar ko za a biya kuɗin wuta a shekara mai zuwa.

Daga wani dattijo, Bronx

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ina unguwar nan tun kafin 'yan sanda huɗu su harba wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, harsashi 41 a ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1999. A wancan lokaci ma an yi zanga-zanga, an yi alkawura, masu kuɗi sun zo sun tafi. Ƙungiyarmu ta 'yan Afirka ta Yamma ba ta da ofis mai kyau, amma tana da mambobi, direbobin tasi da masu kitso da masu gadi, waɗanda ke biyan kuɗin wata kamar adashi. Da wannan kuɗi muke ɗaukar lauya idan an tsare yaro, kuma babu wanda ya isa ya ce mu sauya manufa, tunda masu biya su ne masu cin moriya. Abu ɗaya da nake yawan tuna wa matasanmu shi ne, dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa, fafutukar baƙar fatan Amurka ce ta share musu hanya. Saboda haka duk taron da ƙungiyoyinsu suka kira a kan 'yan sanda ko makarantu, muna tura wakili, ko an ba da kuɗi ko ba a ba da ba.

Daga wata jami'ar shirye-shirye, Washington

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in kawo ɓangaren shari'a, domin a wurinmu ba ƙarancin kuɗi ne ya fi tayar da hankali ba, tsoro ne. A ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a ƙarar da aka shigar kan jami'ar Harvard da ta North Carolina. Bayan 'yan makonni, Edward Blum, wanda ya jagoranci waccan ƙara, ya kai Fearless Fund, wata cibiyar zuba jari ta Atlanta, kotu saboda tana bai wa mata baƙar fata masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 20,000, kuma abin da ya fi mini ciwo shi ne ya dogara ne da wata dokar 1866 da aka yi don kare bayin da aka 'yanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dakatar da shirin a Yunin 2024, a Satumba kuma aka sasanta aka rufe shi. Sannan a Janairun 2025 Shugaba Trump ya sanya hannu kan umarnin da ya rushe shirye-shiryen daidaito da damawa da kowa a gwamnatin tarayya, ya kuma buƙaci masu karɓar tallafinta su tabbatar a rubuce cewa ba su gudanar da irin waɗannan shirye-shirye ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Mun zauna da lauya muka bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya. Tallafin karatun da a da muka keɓe wa baƙar fata, yanzu sharaɗinsa shi ne unguwar da ɗalibi ya fito, abin da iyayensa ke samu, da kasancewarsa na farko a gidansu da zai shiga jami'a. Da muka duba waɗanda suka samu a zagayen da ya biyo baya, kusan 'ya'yan unguwannin nan ne dai, domin a birnin nan talauci da launin fata suna zaune a titi ɗaya.

Daga wani mai haɗa kan al'umma, Chicago

Hajiya, ki gafarce ni, amma gogewata ta saɓa da taki. A ƙungiyar da na bari bara, da sauya kalmomi aka fara, aka ce don kariya ne kawai. Bayan wata shida aka daina ƙidayar yawan baƙar fatan da muke yi wa hidima, wai kada ta zama hujja a kotu, alhali babu dokar da ta hana ƙungiya sanin waɗanda take yi wa aiki. Da aka daina ƙidaya, babu wanda ya lura cewa sababbin masu rajista daga unguwannin masu hali suke fitowa, domin su ne ke da intanet da lokacin cike fom. Ban ce kada a saurari lauya ba, amma lauyanmu ya faɗi abin da doka ta hana, shugabanni kuma suka ƙara nasu a kai don gudun ɓacin ran masu bayar da kuɗi. Idan kuna ci gaba da duba alƙalumanku kamar yadda kika ce, to kun riƙe abin da mu muka saki.

Daga wata tsohuwar shugabar ƙungiya, Houston

Maganar Malam na Chicago ta taɓa ni. An naɗa ni shugaba a 2021, baƙar fata ta farko a tarihin ƙungiyar, bayan wanda ya kafa ta ya yi ritaya. An yi murna, amma manyan masu bayar da kuɗi abokansa ne, kuma babu wanda ya ɗauke ni ya gabatar musu da ni, kwamitin amintattu kuma bai sauya ba ko da mutum ɗaya. Sai ya zamana ni ce ke neman kuɗi, ni ce ke sasanta ma'aikata, ni ce kuma ake tambaya kan kowace magana ta launin fata. Kafin in sauka na samu nasarar abu guda, wato an rubuta a kundin tsarin ƙungiyar cewa wa'adin ɗan kwamiti yana da iyaka, kuma wajibi ne a keɓe kujeru ga mazauna unguwannin da muke aiki. Na ji cewa waɗannan mutane ne suka hana a rufe ofishinmu na kudancin gari da aka zo rage kashe kuɗi.

Daga ma'aikaciyar Minneapolis

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwamitinmu zai zauna kan kasafin baɗi a wata mai zuwa, kuma zan gabatar da buƙatar a mayar da kuɗin tafintar Somaliyanci da Sifaniyanci cikin kasafin dindindin, a kuma dawo da ƙidayar da muka daina tun da ma'aikaciyarmu ta tafi. Malam ma'aji, idan babu damuwa, ina so ka bayyana mini yadda kuka gudanar da binciken albashin nan ba tare da an tona wa kowa asiri ba, domin mu 'yan kaɗan ne a ofis kuma kowa ya san kowa. Hajiya ta Houston kuma, shin mazauna unguwar da kuka keɓe wa kujeru ana biyansu kuɗin zama, ko sa-kai suke yi kamar sauran?