Dan Allah kalmar draaien a yaren Holan, ya ake amfani da ita?

Mai_koyo:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu jin yaren Holan ku taimaka min da kalmar nan draaien. An koya mana ma'anarta juyawa, toh amma sai na ci karo da de motor draait wai nufinsu injin yana aiki, sannan ga het draait om geld, nan kam kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Kuma in zan ce ma direba ya yi hagu, ita zan sa?

Yaya_Babba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Asalinta juyawa ce irin ta abin da ke zagayawa a wuri ɗaya, kamar taya ko makulli cikin kwaɗo, shi ya sa suke faɗinta ga inji tunda kayan cikinsa juyawa suke, haka ma fim in ana nuna shi a silima za ka ji de film draait. Ita kuwa het draait om geld nufinta magana duk a kan kuɗi take zagayawa. Amma maganar hagu gaskiya afslaan aka fi amfani da ita, sai ka ce sla linksaf, dama kuma sla rechtsaf. In mota za ta juya ta koma inda ta fito, keren ce.

Malama_H:
Bari in ƙara da nahawu don nan ne ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Ik draai, jij draait, hij draait, wij draaien, amma in jij ya dawo bayan aikatau sai t ɗin ya faɗi, draai jij. Shuɗaɗɗen lokaci draaide da gedraaid, da d ba t ba, saboda tushen draai bai ƙare da ɗaya daga cikin baƙaƙen 't kofschip ba, wato t, k, f, s, ch, p, waɗanda su ne ke ɗaukar t. Sannan ka kula da omdraaien sosai, rabuwa take yi a jimla: ik draai de sleutel om (ina juya makulli), om ɗin can ƙarshe, amma omgedraaid a haɗe, ge ya shiga tsakiya. In kai ne ka juya jikinka ka waiwaya, ik draai me om, kar ka manta da me ɗin nan.

Mai_koyo:
Allah ya saka da alheri Malama. Toh a shuɗaɗɗen lokaci, wane mataimakin aikatau ake haɗa ta da shi, hebben ko zijn?

Malama_H:
Duka biyun. In kai ka juya wani abu hebben ne, ik heb de sleutel omgedraaid. In abin da kansa ya canza alƙibla kuwa zijn ne, de wind is gedraaid, wato iska ta juya.